Jesi Sai An Taɓa

Ƙwallon Turai ya daɗe da zama ɗan gari a Yelwan Yawuri. Lokacin da Kanu ke Arsenal, daga 1999 zuwa 2004, jar riga ce ke tashe. Da Mikel ya koma Chelsea a 2006 sai shuɗi ya mamaye ko'ina, har masu tuƙa jirgin ruwa a bakin kogi za ka gan su da Samsung ɓaro-ɓaro a ƙirji, wasunsu ma ba su taɓa shiga gidan kallo ba.

A wancan lokaci hanyar mallakar jesi ɗaya ce, wato ka shiga kasuwa. Yanzu kuwa yaranmu sun ce wannan ƙauyanci ne, a waya ake saye. Ni dai ban yarda ba, kuma ina da dalili.

Matasan unguwarmu sun taɓa yin karo-karo don sayen jesi goma sha shida saboda gasar hutu, kuɗin da wasu sai da suka yi dakon buhunan albasa kafin su haɗa nasu kason. Suka ga hoto a intanet, riguna sai ƙyalli, suka tura kuɗi. To amma mai sayarwa bai san adireshi irin namu ba, na "bayan masallaci, kusa da mai niƙa". Ƙarshenta a mota aka sako kayan ta hanyar Kontagora, suka iso tasha bayan an buga wasa biyu da aron riguna. Da aka kwance kuma, wadda aka rubuta wa babba ko kafaɗar mai tsaron gida ba ta shiga ba. Wa za a kama? Lambar waya?

A shago kuwa hannunka ne alƙali. Ka ja wuyan rigar ka ga ko zai koma, ka juya cikinta ka duba ɗinki, ka sa farce a tambarin kulob ka ji ko ɗinke yake ko manne. Na manne, wanki uku a bakin ruwa da ranar Yawuri sun ishe shi ya ɓare. Mai shagon, wanda ke saro kayansa daga Kano ko Onica, ya san mahaifinka. In ba ta yi maka ba ka maido, in kuɗi bai cika ba ya jira a sayar da shinkafa.

Hujjar yaran ita ce a intanet ne ake samun orijina. Haka ne, ga mai hali. Sai dai mu daina yaudarar kanmu. Rigar Super Eagles da Nike ya fitar a 2018 ta ƙare a shagunan Landan ranar da ta fito, amma kafin Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu ta riga ta cika kasuwanninmu a kuɗi kaɗan. Mai saye ya san ba ta Nike ba ce, mai sayarwa ma ya san ya sani, abin da ake ciniki a kai kawai shi ne na ɗaya ce ko na biyu.

Jesin nan goma sha shida dai ƙannensu 'yan firamare aka rabawa, su ne ke buga ƙwallo da su har yanzu.