Kuɗin Adashena da Ƙafafun Motar Abban Yara

'Yar'uwa, in an ce miki ma'aikaciyar jinya za ta zauna tana miki bayanin ƙarfen ƙarƙashin mota, na san dariya za ki yi. Ni ma da kuɗin adashena na sayi wannan karatu, shi ya sa na ce bari in ba ki shi kyauta.

Abban yara yana da tsohuwar Hilux mai fowil, wato wadda ake iya sa tayoyinta huɗu su ja tare in an shiga taɓo ko yashi. Da ita yake ɗauko masara daga ƙauye. Irin wannan mota kayan da aka yi ta dominsu ba su wuce tan ɗaya ba, kusan buhu goma ke nan. Shi kuwa burinsa ashirin. Wani abokinsa ya ba shi shawarar a cire aksul ɗin baya, ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi, a sa na ƙaramar motar kaya mai taya bibbiyu kowane gefe. Ranar da na kwashi adashe ya ce, "Maman Ummi, ki ranta min, kaka ɗaya zan mayar." Na miƙa ban tambayi komai ba.

Gaskiya ranar da ya dawo da ita ta yi kwarjini. Kuma shawarar ba shirme ba ce gaba ɗaya. A irin wancan babban aksul, nauyin kaya a kan bututun ƙarfen yake zama, sandar ciki juya taya kawai take yi. A na ƙananan motoci kuwa sandar ce ke juyawa kuma tana ɗauke da nauyi, in ta karye taya na iya ficewa.

Da damina ta sauka, ya shiga taɓo ya sa fowil. Fitowarsa kan busasshiyar hanya ke da wuya ya ji wata ƙara, mota ta tsaya. Da aka janyo ta gareji na ce sai na bi shi. Wani dattijon bakanike ya ɗaga motar, ya yi alama da alli, ya juya taya yana ƙirga juyin farfela. Na gaba kusan huɗu da rabi, na baya ya doshi shida. Ya ce, "Hajiya, kamar ki ɗaure shanu biyu a garma ne, ɗaya na sauri ɗaya na nawa." Dole giyar gaba da ta baya su zo daidai, girman tayoyi ma haka, in ba haka ba akwatin da ke raba musu ƙarfi ne zai sha wuya. Shi ne ya fashe.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna mana safaya ba ta shiga baya, domin ramukan noti sun bambanta. Ya nuna waldar da aka yi wa mazaunin sifirin. Ya sa hannu tsakanin tayoyin biyu ya ce ta ciki iskarta ta ragu ba wanda ya lura, ta waje ce ke ɗauke da komai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganarsa ta ƙarshe: an canza ƙafa, amma shasi na da ne, birkin gaba na da ne, sitiyari ma haka. Mota za ta iya ɗaukar buhu ashirin tana tsaye, tsayar da ita a gangara shi ne aiki. Ni da nake kwana a ɗakin gaggawa na san yadda ake shigo mana da mutanen da suka hau saman lodi ranar kasuwa, har da mata masu goyo. Sai na tuna Ummi da ƙaninta sun sha bin babansu ƙauye a motar nan.

A daren muka yi magana, ba da faɗa ba. Aka mayar da tsohon aksul, aka gyara birki, aka sayar da babban a kan asara. Yanzu sawu biyu yake yi maimakon ɗaya. Kuɗina har yau saura rabi, kuma na daina ƙirgawa da ƙarfi.

Ba cewa nake kada ki taimaki maigida ba. Amma in ya zo da maganar ƙara wa mota ƙarfi, ki tambaye shi cikin ladabi: giyar gaba da ta baya sun dace? Me aka yi wa birki? Nauyi nawa kamfani ya rubuta wa motar? Yawanci yana nan a ɗan allon da ke jikin ƙofar direba ko wajen inji. Ba sai kin iya riƙe sifana ba kafin ki yi tambaya, tunda 'ya'yanki ne ke shiga ciki.

Allah Ya tsare mana su a hanya, Ya sa albarka a nemansu.