Gida Biyu Tsakanin Sokode da Dapango

Duk wanda ya zaga bayan garin Sokode, wajen Kpangalam ko Komah, zai ga gine-ginen da suka tsaya a linta, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a ɗakin da aka yi wa uwargida alkawari. Baƙo kan ɗauka kangaye ne. A'a, haka mutanenmu ke gini: bana bulo, baɗi kwano, gwargwadon abin da kasuwa ta bari.

Ɗaya daga cikinsu nawa ne. Shekara uku ina aiko da kuɗi daga Dapango, inda fatauci ya zaunar da ni, tafiyar kusan kilomita 300 ta Kara da Mango, ina jin labarin aiki ta waya. Ranar da na zo da ƙafata na murza bulo da yatsa, sai ya zube kamar garin rogo. An sa buhun siminti mai kilo 50 ya haifi bulo fiye da ƙarfinsa, ga shi cikin hunturu aka buga, ba mai ba shi ruwa safe da yamma. Magini bai musa ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ai ba ka nan."

Na koma Dapango da niyyar sayen ginanne in huta. Dillali ya nuna mini wani, fenti sai ƙyalli. Amma babu zaure, baƙo na sallama ya faɗo tsakiyar iyali. Rufin kuwa gajere ne, a garin da zafin Maris da Afrilu ke hana barci a ɗaki. Wani dattijo maƙwabci ya ja ni gefe ya ce in dawo cikin Agusta in ga inda ruwa ke kwana. Da na nemi takardar mallaka, wadda dokar filaye ta 2018 ta ɗora hujja a kanta, sai aka miƙo mini rasidin ciniki kawai. Mai karatu ya san iyalai nawa ke zaryar kotu a ƙasar nan kan fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu.

Ban saya ba. Na bar wa ƙanena shago, na dawo Sokode aka rushe bango biyu. Yanzu kowace safiya ina zaune gindin mangwaro da littafina, a gabana ake farke kowane buhu, ni ke ƙirga bulon da ya fita.