Barmu: hanyar likita ba ta da nisa ga wanda ya shirya

Barmu gari ne na arewacin Adar, cikin jihar Tawa. Yana arewa maso gabas da birnin Tawa. Wanda ya wuce shi ya yi arewa, sai Kawo. Wanda ya yi gabas, sai Tabalak. Ƙasa ce ta duwatsu da fako da tudun rairayi. Inda ruwa ke kwanciya ana shuka dawa, bisa tudu kuwa hatsi da wake. Hausawa da Buzaye da Fulani ke zaune cikinta, kowa da sana'arsa, amma kasuwa guda suke ci.

Baƙon da ya zo Barmu bayan girbi zai ga maza sun yi ƙaranci. An ɗaure damma, an zuba a rumbu, samari da magidanta da yawa sun tafi biɗa. Wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Sai damina ta kusa suke komowa. An bar tsofaffi da mata da ɗiya ƙanana. Cikin matan nan akwai masu ciki, akwai masu goyo.

Cikin garin akwai likita. Can ne masu ciki ke zuwa awo. Ana auna nauyin mace, a duba jininta, a ji kwanciyar ɗan da ke cikinta. Ana ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da maganin tsare ta daga masassarar cizon sauro. Ana yi mata allurar da ke tsare ta, ita da jaririnta, daga ciwon sarƙe haƙora. In haihuwa ta zo da gardama, sai a aika ta Tawa, inda ake aikin ciro jariri. A shekarar 2005 gwamnati ta yanke cewa wanga aiki kyauta ne. A 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yaran da ba su cika shekara 5 ba.

Amma ba kowa ke zaune cikin gari ba. Akwai ƙauyuka da tungaye da rugage. Matar da ke can, sai ta tako da ƙafa ko ta hau amalanke. Wata cikin fari ne gare ta, kunya ta hana ta faɗi. Wata mijinta na Abijan, bai bar izini ba, bai bar kuɗɗin mota ba. Sai naƙuda ta kwana biyu, sannan a shiga neman amalanke cikin dare. Nan ne ake rasa uwa, ko ɗa, ko duka biyu.

Ba Barmu kaɗai ba ce. A binciken da anka yi cikin Nijar duka a 2012, cikin mata 10 masu ciki, 8 sun je awo ko sau guda ne, amma 3 kawai sunka cika zuwa huɗu. Cikin haihuwa 10, 3 ne anka yi a likita. Yaran da sunka samu allurarsu duka kuwa, rabi ne da ɗan ɗori. Ke nan ana farawa, ba a ƙarasawa.

To, allurar rigakafi ba guda ba ce, jere take. Da an haifi jariri, a yi masa ta tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna a baki. In ya yi sati 6, a komo da shi. Wanga ba shi da wuyar tunawa: daidai da gama wankan arba'in ne. Bayan sati 4 a komo, bayan wasu 4 a sake komowa. Cikin alluran da ake yi a waɗanga zuwa uku, akwai wadda guda ce amma cuta biyar take tsarewa, har da tarin shiƙa. Nijar ta fara yin ta a 2008.

Sai ta wata 9, ta dusa, wadda wasu ke cewa ƙyanda, tare da ta shawara. Ita ce aka fi mantawa, don yaro ya yi ƙiba, yana rarrafe, uwa na ganin ba abin da ke damunsa. Ga dabarar tunawa: watannin da yaro ya yi a ciki, in ya yi kamarsu a waje, lokaci ya yi. Bayan ya wuce shekara guda akwai ta biyu. Dusa ta fi yawa da rani da bazara, daidai lokacin da maza ba su gida. In ta shiga gida, takan bi yaran da ba a yi ma allura ba, ɗaya bayan ɗaya. Wani ta bar shi da makanta, wani ta tafi da shi.

Wani lokaci jikin yaro kan yi zafi bayan allura, kwana ɗaya ko biyu. Ba abin tsoro ba ne. A ci gaba da ba shi nono. In zafin ya ƙi sauka, a maida shi likita.

Makiyaya su ma maganar ta shafe su. Da ruwa ya sauka sai su kora dabbobi su yi arewa, wajen Azawak. Makiyayi ya san amfanin allura, don yana kai shanunsa a yi musu. Ɗa kuwa ya fi saniya. Karnen yaro, wato takardar da ake rubuta allurarsa, yana aiki a kowace likita ta ƙasa. Wanda anka fara ma a Barmu, ana iya ƙarasa masa a Abalak ko Cintabaraden. A sa karnen cikin leda, a ajiye shi inda ake ajiyar kuɗɗi.

Magidancin da zai tafi biɗa, kamar yadda yake barin hatsi a rumbu, ya bar abu uku: izinin zuwa likita a gaban iyayensa, kuɗɗin mota a hannun matarsa, da maƙwabci mai amalanke wanda za a tayar ko da tsakar dare. Wanda ya koyi karatu kuma, ya duba ma maƙwabtansa ranar komawa da anka rubuta cikin karne. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da anka haifa.