Haƙora Uku da Muka Ƙara wa A-kori-kurarmu

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya a cikinku ya san wannan cinikin, ko da bai taɓa zama ya yi tunaninsa ba. Ka sa sarƙa a ƙaramin faranti na baya, keke ya yi ta sheƙa gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma da ka iso hawa sai cinyoyinka su gaya maka. Ka mayar da ita kan babban faranti, ka haye tudu hankali kwance, sai dai mai tafiya a ƙasa ma ya kusa riga ka. Abin da giya ta ƙara maka na gudu, daga ƙarfin ja ta ciro shi. Giyar inji fa muke nufi, kada wani ya kai ƙararmu wajen shugaban makaranta. A kan wannan ciniki muka yi makonni uku muna musu da junanmu.

Mu biyar ne, 'yan aji biyu a jami'a. Kusan dukkanmu da motar kara da ta langa-langa muka tashi, masu tayar tsohon silifas. Sai da muka yi zango guda muna karo-karo daga kuɗin kashewarmu kafin muka sayi wata ƙaramar a-kori-kura ta gwanjo, irin wadda ake tuƙawa da rimot. Sunanta Slash, ƙirar kamfanin Traxxas da ke jihar Texas a Amurka, wanda ya fara fitar da ita a 2008. An ƙera ta ne a kan kashi ɗaya cikin goma na girman motar tsere ta gaske, tsawonta ya ɗara rabin mita kaɗan, tayoyin baya ne ke ja. Ba irin motar wasan da ake saya wa yara da Sallah ba ce, wadda in ta lalace sai bola. Wannan kowane sashe nata yana kwancewa da sukundireba da alanki, kuma kowane yana da madadi.

Wasu abokanmu na wani ɗakin kwana suna da tasu motar, suka ƙalubalance mu tsere: zagaye goma a tsohon filin ƙwallo, wadda ta mutu a hanya ta faɗi. Tasu ta fi tamu gudu, kowa ya gani. Mu kuwa inji ɗaya tak gare mu. In ya ƙone, sai an yi odar wani daga waje da dala, a jira makonni, ga aljihu ya riga ya yi fayau. Muna son ƙarin gudu, muna kuma son mu koma ɗaki da injinmu da rai.

Bari mu buɗe muku cikin motar. Injinta na lantarki ne, ɗan ƙarami, bai fi cika tafin hannu ba. Yana juyi dubbai a minti ɗaya, amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne. Da a ce za a haɗa shi da taya kai-tsaye, ko tashi motar ba za ta yi ba. Shi ya sa aka sa giyoyi a tsakani, su rage juyin su mai da shi ƙarfi. A bakin sandar injin akwai 'yar ƙaramar giya ta ƙarfe, masu harkar suna ce mata finiyon. Ita ke juya wata babba ta roba. Babbar kuma ita ke shigar da juyin cikin giyabos, inda wasu giyoyi uku suke: ta sama mai haƙora 22, ta tsakiya mai 30, da ta ƙasa mai 60 wadda ke kai juyi ga tayoyi. Ku raba 60 da 22, za ku samu 2.72 da 'yan kai. Daga wannan lambar kamfanin ya raɗa wa giyabos ɗin suna Magnum 272. Ta tsakiyar ba ta shiga lissafin, ko da haƙoranta 30 ne ko 40, domin ita 'yar aike ce kawai: haƙori ɗaya ya tura ta, ta tura ɗaya. Wannan ya ɗaure wa biyu daga cikinmu kai, sai da muka ɗiga wa giyoyin alamar farin fenti, muka juya da hannu muna ƙirgawa.

A keke abin juye yake. Ƙafar mutum tana da ƙarfi amma ba ta da sauri, don haka babban faranti ke jan ƙarami. Idan kuna da keke a gida, ku ƙirga haƙoran na gaba da na baya ku raba. A ce 44 ne da 18, to duk taka feda zagaye ɗaya taya za ta juya kusan sau biyu da rabi.

Lokacin da motar ta zo hannunmu, finiyon mai haƙora 16 ne a jiki, babbar giya kuma mai 90. Wanda ya sayar mana ya haɗo mana da wata leda mai ɗauke da finiyon biyu, mai 19 da mai 23, da wata babbar giya mai 86. Lissafin ba ya wuce reshiyon da ake koya muku a ƙaramar sakandare. A raba 90 da 16, a ninka abin da aka samu da 2.72, ya ba da 15.3. Wato sai inji ya juya sau 15.3 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da mai 19, lambar ta sauko zuwa 12.9. Da mai 23 a kan mai 86 kuwa, 10.2.

Muka auna taya da rula, tsayinta kusan santimita 11. A ninka da 3.14, kowane juyi tana cin ƙasa santimita 34 da rabi. Muka ƙaddara inji yana juyi 20,000 a minti, don dai mu samu abin kwatance. A takarda, haɗin farko ya ba da kilomita 27 a awa, na biyu 32, na uku kusan 41. Nan ɗaki ya rabu biyu. Mutum uku suka ce ai magana ta ƙare, a ɗora mai 23, tunda ga 41 a rubuce. Sauran biyun suka ce a sake duban takardar: daga 15.3 zuwa 10.2, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke isa taya ya tafi. Da mai 19 kuwa, kusan kashi ɗaya cikin shida ne kawai ake rasawa.

Takardar tana da wani gurbi da ba ta cike ba. Ta ɗauka injin zai ci gaba da juyi 20,000 ko wace giya aka ɗora masa, alhali injin lantarki ba haka yake ba. In kaya ya yi masa nauyi juyinsa yana raguwa, sai ya ƙara zuƙar wuta daga batir. Zafin da ke taruwa a wayoyin kwayil ɗinsa kuma ba daidai da wutar yake hawa ba: wuta ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Zafin nan ke kashe ƙarfin maganaɗisun da ke ciki, ya cinye burushin kabon, in abin ya yi nisa ya ƙone rufin wayar. Masu wannan harka sukan ba da shawarar kada jikin inji ya wuce digiri 70 da 'yan kai a ma'aunin Salshiyos. Da yawansu kuwa a wurare masu sanyi suke, a kan filaye masu dandaɓaɓɓiyar ƙasa ko kafet. Mu a watan Afrilu muke, rana tana kai digiri 40, injin ya ɗumama tun kafin a kunna shi. Sannan kusurwa biyu na filinmu yashi ne tsagwaronsa, taya tana nutsewa, motar tana fita da ƙyar kamar amalanken da aka yi wa lodin siminti.

Da baki ya kasa raba gardamar, muka yarda ma'auni ya raba. Muka aro ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga, wanda aka yi yayinsa lokacin korona. Nau'insa da yawa suna da maɓallin da ke mai da shi daga auna jikin mutum zuwa auna jikin kaya, to shi muka danna. Sharaɗin da muka gindaya tun kafin farawa: kowane haɗi za a yi masa gudun minti biyar da cikakken batir, a riƙa tsayawa duk minti ɗaya ana aunawa, da ya haura 70 a kashe, babu roƙo. Mai 16 ya gama yana 58. Mai 19 ya gama yana 67. Mai 23 ya burge kowa a miƙaƙƙen layi, har masu wanki a bakin famfo suka ɗago kai, amma a minti na uku ya tsallake 70, muka kashe. Agogon waya ma ya nuna wani abu: lokacin zagayensa bai fi na mai 19 da wani abin kirki ba, domin abin da ya ci a miƙe yana amayar da shi a yashi. Mai 19 ya zauna, ƙarin haƙora uku ke nan.

Ɗora giyar ya fi zaɓenta cin lokaci. Da farko sai girman haƙoran giyoyin biyu ya zo ɗaya. Namu masu lamba 48 ne a ma'aunin Amurka, wato giyar da faɗinta inci ɗaya ne a da'irar da haƙora ke haɗuwa tana ɗaukar haƙora 48. Akwai kuma ma'aunin milimita da wasu kamfanoni ke bi, kuma mai lamba 0.5 a can ya yi kama da namu ƙwarai a ido. Kama ce kawai. In aka haɗa su za su juya, amma suna cin juna a hankali. Duk wanda zai sayi giya ya karanta lambar da ke jikin leda.

Sai tazarar da ke tsakanin haƙoran. In sun matse, inji ya wahala, giya ta riƙa ƙara, zafi ya ƙaru. In sun yi sako-sako, haƙorin ƙarfe ya riƙa dukan bakin na roba har ya aske shi. Dabarar da aka saba ita ce ta takarda: a yago siririn yanki daga littafin rubutu, a cusa tsakanin giyoyin biyu, a tura injin ya matse shi, a ɗaure notocin, sannan a juya giya takardar ta fito. Kaurinta shi ne tazarar da ake so. In ka riƙe finiyon ka girgiza babbar giya, za ka ji ɗan motsi ƙanƙani. Muka zagaya babbar muna gwadawa a wurare huɗu, saboda giyar roba ba lallai ta zama da'ira cif ba.

A cikin giyabos abu ɗaya muka canza. Ta tsakiyar nan ta roba ce, haƙoranta sun fara kwanciya, muka sa ta ƙarfe mai haƙora 30 a madadinta, muka wanke boris, muka shafa sabon giris kaɗan. Wani daga cikinmu ya so a nemo ta ƙarfe a maye gurbin babbar giyar waje ma, sauran ba mu yarda ba. Giyar nan ta roba kamar fiyus take a wayarin gida. In tsakuwa ta shiga ko mota ta daki dutse, gara ita ta zubar da haƙora, tana da araha kuma a waje take, da a ce bugun ya wuce ciki ya karya abin da sai an wargaza bayan motar kafin a kai gare shi. Ba mu sa mata giris ba ko ɗigo. Tana kusa da ƙura, kuma giris da ƙura in suka haɗu sai su koma kamar sanfefa.

Na ƙarshe shi ne ɗan kulocin da ke jikin babbar giya, wanda ke ɗan zamewa idan aka fizgi mota, don kada bugun farko ya sauka kan haƙora. Noti ɗaya ke sarrafa shi. Muka ɗaure shi har sifirin ya haɗe, muka sassauta zagaye ɗaya, sannan muka riƙa gwadawa a kan siminti har ya zama ƙarar zamewar tana ɗaukewa bayan motar ta yi tafiyar kamar taku ɗaya. In ya wuce haka ya yi sako-sako, shi ma zafi zai tara.

Ranar tsere da la'asar sakaliya aka fara. A miƙaƙƙen layi sukan ba mu rata, mu kuma mu cim musu a yashi, inda tasu ke nishi kafin ta fita. Haka aka yi ta yi har zagaye na bakwai, sannan tasu ta fara sanyi ko a miƙe, mai tuƙinta yana danna rimot har ƙarshe ba ta amsawa kamar da. Mun riga su isa da abin da bai fi taku goma ba. Da muka haska ma'auni a injinmu ya nuna 69. Nasu ba su bari mun haska ba.

Mutum ukun nan dai har yau ba su sauka daga kan bakansu ba. Hujjarsu ita ce gwajin da muka yi na bazara ne, kuma da sanyin safiyar hunturu injin zai fara ne daga ƙasa da digiri 20, don haka mai 23 zai samu sarari. A lissafi suna da abin kamawa, ko da yake hunturu ba ya kwashe yashi daga fili, ƙura ma ƙaruwa take. Mun ajiye finiyon ɗin a gwangwanin Robb tare da giya mai 86, mun sa ranar sake gwaji a makon farko na Janairu, da ƙarfe bakwai na safe.