Gemu Ba Ya Hana Koyon Riƙon Sanda

A wajen mafi yawan mutanenmu, wasan golf, wanda gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, wasan masu hutu ne waɗanda suka rasa abin yi da yammacinsu. Wanda ya hango daga bakin titi ba zai ga komai ba sai dattawa suna tafe sannu a hankali, yara na biye da su ɗauke da jakunkuna. To, mu da muka shiga cikinsa bayan furfura ta fara leƙowa, mun tarar da wani abu daban. Ƙwallon tana ajiye, ba ta gudu, ba wanda ke ƙoƙarin ƙwace ta, amma duk da haka sai ƙato ya ɗaga sanda ya kai mata duka ta mirgina taku goma ta tsaya. A nan girman mutum ke shiga gwaji.

Ga yadda abin yake, mai karatu. Fili yana da ramuka 18, faɗin kowane rami bai wuce milimita 108 ba, kuma doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14. Kan sanda da ƙwallo ba sa haɗuwa ko da na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A ɗan wannan lokaci ba wanda ke iya gyara komai. Saboda haka duk aikin yana ga abin da ya gabaci haɗuwar: riƙo, tsayuwa, juya kafaɗa da sauko da sanda.

Malaminmu a filin garinmu saurayi ne, sa'an 'ya'yanmu, wanda ya fara da ɗaukar jakar sanduna tun yana ƙarami har ya zama gwani. Ranar farko bai bari mun taɓa ƙwallo ba. Ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, a bar ƙwallon tukuna, a ba ni hannun." Ya kwantar da sanda a yatsun hagu, ya ɗora ɗan ƙaramin yatsan dama a kan manunin hagu. Wannan shi ne riƙon da ake jinginawa ga Harry Vardon, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6. Hikimarsa ita ce hannu biyu su zama ɗaya, kada dama ta fi ƙarfin hagu ta karkatar da fuskar sanda.

Daga nan ya shiga warware mana abubuwan da hankali ke ɗauka a baibai. Ɗan koyo yakan so ya kwaso ƙwallon daga ƙasa kamar mai ɗibar hatsi da ludayi, alhali kishingiɗar da aka yi wa fuskar sanda ita ke tashinta sama. Da sandar ƙarfe ana dukan ƙwallon ne sanda na gangarowa, ta taɓa ƙwallo tukuna sannan ta ɗebi ƙasa a gabanta. Haka kuma ƙwallon da ke lanƙwashewa dama ga mai bugu da dama, ba iska ke ɗaukarta ba. Fuskar sanda ce ta zo a buɗe, sandar kuma ta yanko daga waje zuwa ciki, sai ƙwallon ta tafi tana juyin gefe. Ƙarfi kuwa daga ƙugu da ƙafafu yake tasowa. Wanda ya taɓa ganin ƙwararriyar mai daka ya san ba damtse kaɗai ke sauke taɓarya ba.

Amma babban gwajin yana zuwa ne bayan darasi na uku ko na huɗu. Jiki ya saki tsohon bugu, bai kuma kama sabo ba, sai wasan mutum ya lalace fiye da da. Abokan da bai taɓa bari sun wuce shi ba sai su riƙa cinye shi, suna zolaya cewa ya biya kuɗi an koya masa faɗuwa. A wannan gaɓa muka ga mutane da dama sun sallami malami sun koma gidan jiya, domin ya fi musu sauƙi su zauna da bugun da suka sani da a yi musu dariya wata biyu.

Abin da ya riƙe mu shi ne labarin manyan wasan. A 1985 Nick Faldo na Ingila, yana da suna da kofuna, ya miƙa kansa ga malami David Leadbetter aka rushe bugunsa aka sake gini. Shekara biyu bai ci gasa ba. A 1987 ya ɗauki kofin Open a Muirfield, daga baya ya tara manyan kofuna 6. Tiger Woods na Amurka ya ci gasar Masters a 1997 da ratar bugu 12, amma ya koma wurin malaminsa Butch Harmon ya ce a gyara. A 2000 ya ci uku daga cikin manyan gasanni huɗu na shekara. Vijay Singh ɗan Fiji, wanda ya ci gasar Nijeriya a 1988 da 1989, ya yi suna wajen daɗewa a filin atisaye, ya kuma ci Masters a 2000. Idan waɗannan sun sunkuyar da kai, ina ga mu?

Sai muka tsara wa kanmu hanya. Darasi ɗaya a mako biyu, gyara ɗaya tak a kowane darasi. Ƙwallo hamsin da aka buga kowace da nufi ta fi ɗari biyu da aka watsar. Mukan shimfiɗa sanda a ƙasa ta nuna inda muka dosa, domin ido kan yaudari mai tsayuwa a gefen ƙwallo. Mukan sa a ɗauke mu bidiyo da waya, don abin da jiki ke ji daban, abin da yake yi daban. A gida kuma, minti goma a tsakar gida bayan rana ta yi sanyi, ba ƙwallo, sai juya kafaɗa a hankali.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, kuma bayan ɗan shekara hamsin ba zai juya kamar na ɗan ashirin ba. Amma busasshen ma yana karɓar sassaƙa. A wata na huɗu ƙwallon ta fara tafiya inda aka aike ta, ba kullum ba, amma sau da yawan da zai sa mutum ya san ba sa'a ba ce. Ƙararta ma ta sake, ta zama ƙwas, ba tare da hannu ya ji girgiza ba. Ga duk ɗan'uwan da ke cikin watanninsa na lalacewa yanzu, shawararmu ita ce ya ƙara wa malaminsa wata biyu kafin ya yanke hukunci.