Shibin, kalma mai doguwar tafiya

Ƴan'uwa, mu a nan Gesheme, wurin da ake saida burkutu gidan giya muke ce masa. Masu jin Ingilishi suna cewa shibin, wato gidan da ake saida giya ba da izinin hukuma ba.

Asalin kalmar daga Ailan ne, wani tsibiri yamma da Ingila, mai harshen kansa. A 1661 Sarkin Ingila ya ɗora haraji a kan barasa a can. Sai talakawa suka koma dafa tasu a ɓoye. Gidan da ake shanta aka ce masa shibin.

Daga baya kalmar ta kai Afirka ta Kudu. A can doka ta hana baƙar fata sayen giyar Turawa har 1962. Mata suka riƙa dafa giya a gida don su ciyar da ƴaƴansu. A 1932 an ɗaure uwar mawaƙiya Miriam Makeba wata 6 saboda haka, tare da jaririyar mai kwana 18.

Ni dai abin da na lura, mashaya gida suke komawa su kwanta. Mai tukunya ake kamawa.