Kafin yaro ya yi lissafi, ya tambaya ko bayanin ya isa

Akwai wata irin tambayar lissafi da ba mu cika yi wa ɗalibanmu ba a Nijar, alhali amfaninta ya wuce bangon aji. Ana samunta a jarrabawar GMAT ta Amurka, wadda masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci suke zaunawa. Za a ba ka tambaya ɗaya da bayani guda biyu. Ba a neman ka fitar da amsa. Abin da ake so ka faɗa shi ne: bayani na farko shi kaɗai ya isa a warware tambayar? Na biyu fa? Sai an haɗa su? Ko kuwa ko an haɗa su ba su wadatar ba?

Ni malamin lissafi ne a CEG, kuma nakan ba ƴan ajina irin wannan aiki. Ga wanda na fi so. A ce wata makaranta tana da aji biyu masu zana BEPC. A na farko kashi 80 cikin 100 sun ci, a na biyu kashi 40. Kashi nawa suka ci a makarantar baki ɗaya? Kafin in ajiye alli hannuwa sun tashi: 60! Sun tara 80 da 40, sun raba biyu.

Sai in ce mu zuba yara a azuzuwan mu gani. In na farko yana da yara 20, na biyu 80, waɗanda suka ci su ne 16 da 32, wato 48 cikin 100. In aka juya, na farko 80, na biyu 20, za a samu 64 da 8, wato 72. Kenan 60 ba ta zama amsa sai in azuzuwan kansu ɗaya wajen yawa.

Daga nan sai in kawo bayanan biyu. Na farko: yaran makarantar duka 100 ne. Na biyu: yaran aji na biyu sun ninka na farko sau uku. Yawancin ɗalibai na farkon suke kamawa, domin sun ga adadi a ciki. Amma misalan nan biyu da muka yi duk yara 100 ne, kuma amsoshinsu sun saɓa, don haka bai isa ba. Na biyun bai faɗi yawan yara ba, amma ya isa. Gwada 10 da 30: 8 da 12 sun ci, 20 cikin 40, rabi kenan. Gwada 20 da 60: 16 da 24, 40 cikin 80, rabi ne dai. Dalili kuwa, a kowane yara huɗu, ɗaya daga aji na farko yake, uku daga na biyu, ko makarantar ƙarama ce ko babba. Nauyin kowane ɓangare shi ake bukata, yawan kawuna bai zama dole ba.

Iyaye, wannan lissafi yana cikin takardar sakamakon da yaro yake kawo muku. Ya samu 16 bisa 20 a wata fanni, 8 a wata, uba ya ce ai 12 kenan, alhamdu lillahi. In mai 8 ɗin tana da kowefisiyan 3, mai 16 kuma 1, mwayan ɗinsa 10 ce cif, da ƙyar ya tsallake. Ku riƙa duba layin kowefisiyan kafin ku yi murna ko faɗa.

Haka abin yake in sakamakon jarrabawa ya fito, makarantun kuɗi suka fara tallar cewa ɗalibansu sun ci ɗari bisa ɗari. Ɗari bisa ɗari na yara nawa? Wadda ta kai yara 12 duk suka ci, da wadda ta kai 200 aka samu 140, ba a auna su da mudu ɗaya. Nawa ne kuma suka fara shekarar a ajin, nawa aka kai ga jarrabawa? Uban da bai yi wannan tambaya ba yana iya zuba kuɗin gumi a kan bayanin da bai cika ba.

Ƴan uwana malamai, mun saba wa yara da cewa kowace tambaya tana da amsa, don haka sai su ƙirƙiro ta ko da babu. Ko sau ɗaya a mako, mu ba su aikin da amsarsa ita ce "bayanin bai isa ba", mu kuma ba da maki cikakke ga wanda ya nuna dalili. Dabarar mai sauƙi ce: ya kawo misali biyu da suka dace da bayanin. In amsoshin sun bambanta, magana ta ƙare. In sun zo ɗaya, ya nemo abin da ya sa. A gida kuma, in rediyo ta ambaci kashi kaza cikin ɗari, ku juya ga yaron ku tambaye shi: na mutum nawa?